Biyan Kuɗin Waifai a Sansanin Karaban a Birtaniya: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar makarantun Ingila sun tafi dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, sai ka ga manyan hanyoyin da suka nufi Cornwall da Norfolk da Lake District sun cika da motoci, kowace tana jan ɗakin kwananta mai taya a baya. Wannan ɗakin shi ne karaban. 'Yan uwanmu mazauna Landan da Manchesta da sauran garuruwa kan kama hayar irinsa don su kai yara bakin teku, domin ya fi otal sauƙin kuɗi ga mai iyali, kuma akwai wurin girki. Abin da ke yawan ba baƙo mamaki shi ne a isa sansani a tarar babu sabis a waya, waifan wurin kuma sai an biya. Ga tambayoyin da suka fi tasowa.

Kowane sansani ne ke karɓar kuɗin waifai?

A'a, ya danganta da irin wurin. Akwai manyan wuraren hutu irin na kamfanonin Haven da Parkdean, masu ɗaruruwan karaban na girke waɗanda ba a jan su ko'ina. Akwai sansanonin manyan ƙungiyoyi biyu, Caravan and Motorhome Club wadda aka kafa a 1907, da Camping and Caravanning Club wadda ta girme ta, tun 1901. Sai masu zaman kansu, sai kuma ƙananan filaye a gonakin mutane da doka ta taƙaita su ga karaban biyar kacal.

A waɗannan ƙananan, sau da yawa babu waifai sam, ko kuma na gidan manomin ne yake ɗan leƙowa tsakar fili. A manyan kuwa tsari uku aka fi gani: kyauta amma a ofishin karɓar baƙi da wurin cin abinci kaɗai, kyauta ko'ina amma an rage masa gudu ta yadda saƙo kawai zai iya, mai son ƙari ya biya, ko kuma na kuɗi tun daga farko. Tsarin yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka ka duba shafin sansanin da za ka je, ba na kamfanin gaba ɗaya ba. Idan an rubuta "akwai waifai", tambayar da za ka yi ita ce: yana kaiwa gurbin da za a ba ni?

Na biya kuɗin wuri, na biya na wuta. Don me waifai zai zama daban?

Saboda galibi ba mai sansanin ne yake gudanar da shi ba. Wani kamfani ne daban yake zuwa ya kafa turaku, ya ɗora na'urori a kansu, ya ja kebul a ƙarƙashin ƙasa, sannan ya riƙa karɓar kuɗi daga baƙi, su raba da mai wurin ko kuma mai wurin ya biya shi. Baza waifai a fili mai faɗin hekta da yawa, cikin ruwan sama da iskar teku mai gishiri, ba ɗaya yake da ajiye rauta a falo ba.

Wannan yana da tasiri a kanka ta wuri guda: ma'aikacin da ke ofis sau da yawa ba shi da ikon gyara komai, ba kuma shi ya karɓi kuɗinka ba. Lambar wayar kamfanin tana jikin shafin da ka biya. Ɗauki hotonta tun kafin ka shiga matsala, domin ranar da waifan ya mutu shafin ma ba zai buɗe ba.

Yaya ake saye?

Kunna waifai a wayarka, ka zaɓi sunan sansanin. Ba zai tambaye ka kalmar sirri ba. Cikin daƙiƙa kaɗan wani shafi zai buɗe da kansa, ya nuna maka farashi na awa 24 ko kwana 3 ko mako ko wata. Ka zaɓa, ka sa imel, ka ƙirƙiri kalmar sirri, ka biya da kati. Wasu wuraren kuma a ofis ake sayen 'yar takarda mai ɗauke da lamba, ka zo ka shigar.

Abu uku ake yi kafin a danna biya. Na farko, ka yi sayen kana zaune cikin karaban ɗinka, a inda za ka riƙa amfani da shi, ba a ofis ba inda na'urar take bisa kanka. Na biyu, ka karanta na'ura nawa kuɗin ya ɗauka. Na uku, ka duba ko akwai akwatin da aka riga aka yi wa alama cewa a ci gaba da cirar kuɗi idan wa'adi ya cika, cire alamar. Mutane kan koma gida su tarar ana zarar musu kuɗin wata-wata na sansanin da suka bari tun bara.

Na haɗu da waifan, amma shafin biyan ya ƙi fitowa.

Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace yawa, kuma kusan kullum laifin yana cikin wayar. Ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Kashe datar sim ɗinka. Idan wayar ta ga waifan ba ya kai ta intanet, sai ta koma kan data a ɓoye, shafin kuma ba zai taɓa zuwa ba. Sannan kashe VPN in kana da shi, domin yana ƙoƙarin ɓoye zirga-zirgarka tun kafin a buɗe maka ƙofa. A wayoyin Android, duba saitin da ake kira Private DNS, ka kashe shi na ɗan lokaci. Daga nan buɗe burauza ka rubuta neverssl.com. Dalili shi ne yawancin shafuka yanzu a kulle suke da https, na'urar sansanin ba ta iya tare su ta juya ka zuwa shafinta. Wannan adireshin kuwa an yi shi ne a buɗe don irin wannan aiki. Mai iPhone zai iya gwada captive.apple.com.

In duk ya ƙi, sa wayar ta manta da waifan, ka kashe ta ka kunna, ka sake haɗawa. Amma wannan kafin ka biya ne. Bayan ka biya, ka ga amsar da ke ƙasa kan batun sake biya tukuna.

Banki ya ce ya turo mini lamba ta saƙon tes, ga shi babu sabis.

Tun Maris 2022 bankunan Birtaniya suka tsananta tantance mai kati a sayayyar intanet, ko dai ta lambar tes ko ta manhajar banki. A sansanin da ke cikin kwari, tes ba zai shigo ba saboda babu sabis, manhajar banki kuma ba za ta buɗe ba saboda waifan bai bar ka ka fita ba sai ka biya. Ka ga an yi cirko-cirko.

Mafita: in shafin yana karɓar Apple Pay ko Google Pay, yi amfani da su, don fuskarka ko yatsanka sun wadatar. In akwai kyautar minti 15 ko 30 na gwaji, kama shi ka yi biyan a cikinsa. In babu, sayi takardar lamba a ofis da kati ko tsabar kuɗi. Wasu kamfanonin kuma suna barin ka sayi wa'adin tun kana gida, ka zo ka shiga da imel ɗinka kawai.

Wanda ya zo ziyara daga Najeriya ko Nijar ko Gana yana da ƙarin cikas biyu. Katin bankin gida yana iya ƙin biyan kuɗin waje, ko ya kasance da iyakar da aka ƙayyade masa a wata. Lambar tantancewar kuma layin gida za a tura wa, wanda ba zai karɓa ba sai an buɗe masa yawon ƙasashen waje tun kafin a taso. Mafi sauƙi shi ne mai masauki ya biya da katinsa, ko a riƙe 'yan fam-fam a aljihu.

Na kwana zan saya ko na mako?

Na kwana ɗaya tukuna, ko da kana da niyyar yin mako biyu. Ka gwada shi tsakanin ƙarfe 7 da 10 na dare, lokacin da kowa ya dawo daga bakin ruwa. Waifan da ke gudu da ƙarfe 11 na safe bai gaya maka komai ba, sansanin ne babu kowa.

Lissafin mai sauƙi ne. A ce, a matsayin misali kawai, kwana fam 4 ne, mako kuma fam 15. Daga kwana na huɗu na makon ya fi araha. In ka gwada na kwana ya yi kyau sannan ka sayi na mako, ka kashe fam 19, asararka fam 4. In kuwa ka fara da na mako ya zama ba ya aiki, fam 15 ne za ka yi ta bi da imel. Ka kuma lura ko "kwana" yana nufin awa 24 daga lokacin da ka fara, ko yana ƙarewa ne da tsakar dare. Wanda ya saya ƙarfe 9 na dare a tsari na biyu awa 3 ya samu.

Na shekara yana da amfani ne ga mai karaban na girke da ke zuwa duk ƙarshen mako, ko ɗan ƙungiya da ke yawo tsakanin sansanoninta, in wa'adin yana aiki a dukansu.

Na biya jiya, yau ya ce in sake biya. Damfara ce?

Yawanci ba damfara ba ce. Na'urar sansanin ba sunanka take ganewa ba, wata lamba ce ta musamman da kowace na'ura ke nunawa idan ta hau waifai, wadda ake kira adireshin MAC. A da lambar ba ta canzawa. Daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suka fara ƙirƙirar lambar bogi ga kowane waifai don kada a riƙa bin sawun mai su. To in lambar ta sauya, sansanin zai ɗauke ka baƙon da bai biya ba.

Abubuwan da za su iya sauya ta: ka sa wayar ta manta da waifan sannan ka sake haɗawa, ka koma wani sunan waifai na sansanin, misali daga na wurin cin abinci zuwa na fili, domin kowane suna da lambarsa, ko a sababbin iPhone saitin yana kan juyawa, wanda ke sauya lambar bayan mako biyu.

Gyaran a iPhone: shiga saitin waifai, danna ƙaramin harafin i da ke gefen sunan sansanin, nemi Private Wi-Fi Address, ka mayar da shi Fixed ko ka kashe. A Android: danna sunan waifan, nemi wurin sirri ko nau'in MAC, ka zaɓi na ainihin wayar. Ka yi wannan kafin ka biya. In ka yi bayan ka biya, kai da kanka ka sauya lambar, za a sake tare ka. Wanda abin ya riga ya same shi kada ya sake biya: ya nemi wurin shiga na masu asusu a shafin, ya sa imel da kalmar sirrinsa. In an ce na'urorinsa sun cika, ya cire tsohuwar daga jerin, ko ya kira kamfanin su goge ta.

Mu shida ne, kowa da wayarsa, ga kwamfutar yara. Kowa sai ya biya nasa?

Ya danganta da wa'adin. Wani na'ura ɗaya ne, wani biyu ko huɗu. Akwai kuma bambanci tsakanin "na'ura biyu da aka yi wa rajista" da "na'ura biyu a lokaci guda". A na biyun kuna iya karɓa-karɓa, muddin wanda ya gama ya fita ta shafin, ba kashe waifai kawai ba.

Akwai ƙaramar rauta ta tafiya, irin ta kamfanin GL.iNet ko TP-Link, wadda ke kama waifan sansanin a matsayin na'ura ɗaya, sannan ta baza naku a cikin karaban mai kalmar sirrinku. Ana haɗa ta da waifan, a buɗe shafin biya ta wayar da ke bayanta, shi ke nan. Abu biyu dai: wasu kamfanonin sun haramta haka a sharuɗɗansu, ka karanta, kuma gudun da aka sayar wa na'ura ɗaya shi za ku raba ku shida, ba ƙaruwa zai yi ba.

Sandunan waifai sun cika, amma ko hoto ba ya buɗewa da dare.

Sandunan suna nuna ƙarfin haɗin wayarka da turken da ke kusa ne kawai. Ba su san abin da ke bayan turken ba. Duk turakun sansanin suna komawa kan layi ɗaya da ya shigo daga waje, kamar famfo guda a unguwa: da rana kai kaɗai ne, da yamma kowa ya kawo jarkarsa.

Ga yadda lissafin yake. Layin da faiba, wato kebul ɗin intanet mai saurin gaske, ta tsaya a akwatin bakin titi, wayar tagulla ta ƙarasa, ƙarshen gudunsa megabit 80 ne a daƙiƙa, kuma yana raguwa da nisa. Sansanin da ke ƙarshen hanyar gona ba zai ga kusa da haka ba. Ko da a ce ya samu 80 ɗin cif, in karaban 60 suka kunna fim a lokaci guda, kowa ya tashi da megabit 1.3. Netflix kuwa yana neman 3 ga hoto mai matsakaicin kyau. Shi ya sa ranar da aka wuni ana ruwa a watan Agusta, yara duk suna ciki, ita ce ranar da waifai ya fi mutuwa.

Tambayar da ta fi amfani a yi wa sansani kafin a kama wuri ita ce ko faiba ta shigo har cikinsa. In sun ce e, akwai fata. In ba su sani ba, ka shirya wa kanka wata hanya. Babu abin da za ka saya a kasuwa da zai faɗaɗa layin da ba naka ba.

A waje yana kamawa, da na shiga ciki sai ya ɗauke.

Jikin karaban da yawa alminiyam ne, wasu kuma akwai takardar ƙarfe cikin abin da aka cusa a bango don tare sanyi. Ƙarfe yana mayar da sigina baya. Taga ce kaɗai ƙofarsa, don haka ka zauna kusa da wadda ke kallon turken, ka kuma ɗaga labulen cikin, domin mai tare hasken nan yakan zama da azurfar shafi a bayansa. Karaban ɗin maƙwabci da ke tsakaninka da turke shi ma katanga ce, haka bishiya mai jiƙaƙƙen ganye.

In an ba ka zaɓin gurbi, zagaya da ƙafa ka nemi farar na'urar da ke kan turke ko jikin ginin banɗaki, ka zaɓi inda idonka ke ganinta kai tsaye. In sansanin yana da suna biyu, na 2.4 da na 5 gigahaz, na 2.4 ya fi tafiya nesa da ratsa bango amma ya fi cunkoso. Na 5 ya fi gudu in kana kusa. Akwai manhajojin Android na kyauta da ke auna ƙarfin da lamba: -50 ya yi kyau sosai, -67 zai ɗauki bidiyo, daga -80 kada ka ɓata kuɗinka.

Na'urar ƙara ƙarfi da ake talla tana aiki?

Tana maganin nisa da bangon ƙarfe, ba ta maganin cunkoso. Wadda take aiki ita ce mai eriya a waje, a kan rufi ko a maƙale jikin sanda, da kebul zuwa rauta a ciki. Mai fuskantar gefe guda ta fi jawo sigina daga nesa amma sai ka saita ta da hannu duk inda ka sauka. Mai kama ko'ina ta fi sauƙi, ƙarfinta ya fi kaɗan. 'Yar ƙaramar da ake cusawa a soket a cikin ɗaki ba ta da amfani a nan, don ita ma tana cikin akwatin ƙarfen da kake.

Gwajin da zai hana ka asara: fita ka tsaya ƙarƙashin turken ƙarfe 8 na dare ka auna gudu. In can ma yana jan ƙafa, eriya ba za ta cece ka ba.

Gudu nawa nake bukata, kuma data nawa zan ci?

Saƙon WhatsApp da imel ba sa bukatar ko megabit 1. Kiran murya na WhatsApp zuwa gida bai cika cin megabait 1 a minti ba, kuma yakan jure waifai mai rauni fiye da yadda ake zato. Kiran bidiyo yana son megabit 1 zuwa 2 a kowane ɓangare, kuma nan ne ake shan wuya, domin gudun turawa a irin waɗannan layuka ya fi na saukewa ƙanƙanta da nisa: kai kana ganin Hajiya sarai, ita kuma hotonka ya daskare mata. Kashe kyamararka, muryar za ta daidaita.

Netflix ya ce megabit 5 ga cikakken hoto mai kyau, 15 ga 4K. Datar kuma kusan gigabait 1 a awa ga hoto na talaka, har 3 ga mai kyau, har 7 ga 4K. Kada a rikita megabit da megabait: takwas na farko ne ke yin ɗaya na biyu, don haka wa'adin "megabit 8" zai ɗauki sama da minti biyu kafin ya sauke fayil mai megabait 130.

Ɓarayin da ba a gani su ne ajiyar hotuna ta Google Photos da iCloud, da sabunta manhajoji, da Windows. Bayan wuni ana ɗaukar bidiyon yara a rairayi, da an hau waifai wayar za ta fara tura su sama gaba ɗaya, ta toshe layin. Kunna Low Data Mode a iPhone, ka nuna wa Android da Windows cewa wannan haɗin na awo ne. Fina-finan yara kuwa a sauke su tun daga gida.

Talabijin da na'urar wasan yara sun ƙi haɗuwa. Ƙwallo fa?

Yawancin talabijin masu intanet da na'urorin wasa da tsohon Chromecast ba su iya buɗe shafin shiga ba. Fire TV Stick yana iyawa. Sauran sai ta rautar tafiya, ko ka kira kamfanin ka karanta musu lambar MAC ta na'urar su shigar da ita da hannu. Ko an haɗa, jefa bidiyo daga waya zuwa talabijin yakan ƙi, domin waifan jama'a yana hana na'urori ganin juna.

Ƙwallo kai tsaye ita ce abin da ya fi wahalar da waifan sansani, don ba a iya tara ta gaba kamar fim, kuma kowa a lokaci guda yake kallo. Ga ta kuma tana zuwa a makare. Za ka ji ihun maƙwabcinka mai eriya kafin ka ga an buga. Ka tuna da lasisin talabijin: kallon kowace tasha kai tsaye ko BBC iPlayer yana bukatarsa. Lasisin gidanka ya ɗauki karaban da ake ja. Na girke wanda ka mallaka, ya ɗauke shi ne in babu mai kallo a gida a daidai lokacin.

To ba gara in dogara da sim ba?

A ra'ayinmu, sim ne ya kamata ya zama ginshiƙi, waifan sansani ya zama na ko-ta-kwana. Kafin ka tafi, sa lambar adireshin sansanin, wato postcode, a shafin auna sabis na hukumar sadarwa ta Ofcom, ka ga wane kamfani ne ke da 4G a can. Taswirar hasashe ce, kwari ɗaya ko tudu ɗaya yana ƙaryata ta, amma tana nuna wanda ba shi da komai.

Ka san a kan turken wa layinka yake tafiya. giffgaff da Tesco Mobile na O2 ne, Lebara da Voxi na Vodafone, Smarty na Three, Lycamobile ya koma EE a 2023. Miji mai O2 da mata mai giffgaff layi ɗaya suke da shi a haƙiƙa. In ya ɗauke, duka ya ɗauke. Sayi sim na wata ɗaya na wani kamfani daban, marar yarjejeniya. An kuma rufe 3G a Birtaniya, tsohuwar na'urar da ba ta da 4G ta zama tarihi.

Hotsfot na waya ya isa ƙaramin iyali: ajiye wayar a taga, tana jikin caja, ba a rana ba. Mai yawan tafiya ya sayi rautar 4G mai eriyar rufi, wadda ke kama zangon megahaz 800, don shi ne ke kaiwa ƙauye. Kebul ɗin eriyar kada ya wuce mita 5, sigina yana zubewa a hanya. 'Yar mifi da aka zo da ita daga gida kuwa a gwada ta da sim ɗin Birtaniya tun a gari, don da yawa a kulle suke ga kamfanin da ya sayar da su. Kiran gaggawa na 999 yana bin duk kamfanin da ke da sabis a wurin, ko da naka babu.

Starlink fa?

Intanet ne ta tauraron ɗan'adam, yana aiki inda babu sabis ko kaɗan, kamar lungunan tsaunukan Sikotland. Ƙaramin samfurin, Starlink Mini, ya fito a 2024 kuma yana cin watt 25 zuwa 40. A gurbi mai wuta wannan ba komai ba ne. A kan batirin karaban mai bolt 12, watt 30 yana jan amfiya 2.5, batirin dalma mai amfiya-awa 100, da rabinsa kawai ake taɓawa, zai yi kamar awa 20 in babu wani abu a kansa. Yana bukatar sararin sama a buɗe, bishiya ɗaya tana yanke kiran bidiyo. Ga mai hutun mako ɗaya a shekara, kuɗin na'urar da na wata sun yi yawa.

Zan iya shiga banki ta waifan sansani?

Manhajar banki da shafukan da ke da https suna kulle bayanansu da kansu, don haka haɗarin bai kai yadda ake kururutawa ba. Wanda ya fi shi ne waifan bogi mai suna kusan iri ɗaya da na sansanin, mai shafin biya na ƙarya da ke tattara lambobin kati. Tambayi ainihin sunan a ofis. Kalmar sirrin da za ka ƙirƙira wa waifan kada ta zama ta imel ɗinka. In kana da VPN, mayar da shi bayan ka shiga.

Na biya bai yi aiki ba. Za a mayar mini da kuɗina?

Dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ce dole a yi aikin da aka sayar da kulawa da ƙwarewa gwargwadon hankali. In ba a yi ba, a sake yi ko a rage kuɗi, ragin kuma yana iya zama duka. Sai dai kusan kowane kamfani yana rubuta cewa gudun "har zuwa" kaza ne, don haka jinkirin dare ya fi wuyar kamawa fiye da mutuwa ɗungurungum.

Kai ƙara tun kana wurin, ba bayan ka koma gida ba. Ɗauki hoton fuskar waya na gwajin gudu mai nuna lokaci, sau biyu ko uku a sa'o'i daban, ka haɗa da rasit da lambar gurbinka, ka tura wa wanda sunansa ya fito a bayanin bankinka. In takarda ka saya a ofis, ofis ne zai biya ka. In sun yi shiru, nemi bankinka ya janyo kuɗin, galibi cikin kwana 120. Kariyar katin bashi ta sashe na 75 na dokar bashi ba ta shafi wannan ba, don tana farawa ne daga abin da ya haura fam 100.

Idan na tsallaka da karaban zuwa Faransa ko Sifaniya fa?

A can ma za ka tarar da takardar lamba a ofis, sau da yawa na'ura ɗaya ga kowace takarda. Sim ɗinka ne zai ba ka mamaki: bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, EE da Vodafone da Three sun dawo da cajin yawo a 2022 ga yawancin sababbin yarjejeniyoyi, O2 kuma ya bar shi cikin kuɗin wata har gigabait 25. Ko sim ɗinka marar iyaka ne a gida, a waje akwai iyaka. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar, kuma wasu kamfanoni suna yi mata farashi daban. A cikin jirgin ruwa tsakanin Dover da Calais sa wayar a yanayin jirgin sama, domin tana iya kama sabis ɗin jirgin da ke bi ta tauraron ɗan'adam, wanda ba ya cikin kowane wa'adi kuma ana cajinsa da megabait.